Allunan Malam Tagwai

Ranar da Scholastica ta fara ganin Kelechi, yana saman tsani a Kakuri yana rubuta sunan wani shagon taya, jan fenti har a kunnensa. Ita kuwa tana ƙasa rungume da jakar takardu, ta yi sallama sau uku bai ji ba.

"Malam mai fenti! An ce kana zane?"

Ya leƙo ya dube ta, sai buroshin ya suɓuce ya faɗo dab da takalminta.

"Ina yi," ya ce da Hausarsa ta haifaffen Kaduna. "Amma yau kin ga hannun ya ƙi."

Ta so ta haɗe rai, dariya ta ƙwace mata.

Mahaifinta, Malam Tagwai, tsohon malamin Turanci ne a unguwar Television. Shekara ashirin da biyu yana fama da littafi guda, na koya wa yara ƙa'idojin Turanci da rubutu mai tsabta, kowane darasi da hotonsa. Hotunan ne suka rage, idonsa kuma yana tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Tun rasuwar mahaifiyarta, Scholastica ce ke karanta masa, ita ke buga masa a kwamfuta, ita ke ɗiga masa magani.

Duk Asabar Kelechi na zuwa da fensirinsa. Malam ya faɗi darasi, shi ya zana: akuya a ƙarƙashin Keke Napep, mai ƙosai tana suya jiya da yau da gobe. Malam ya kai takardar har kan hancinsa ya ce a gyara. Kelechi ya gyara ba musu, rabin hankalinsa na wajen wadda ke kawo ruwa. Su a tunaninsu tsohon bai san komai ba. Ina! Wanda ya yi shekara talatin a gaban aji?

Wata rana saƙo ya shigo wayarta: "Nkem, da yarenmu ma'anarsa tawa. Na zana mata goma a littafin Baba, duk sun fito da idonki. Ba laifina ba ne."

Ta amsa: "Mai fenti, ka ji tsoron Allah. Har mai ƙosan?"

"Ita ce ma ta fi kama."

Da Kelechi ya nemi izinin turo manyansa, Malam ya cire tabarau ya ajiye.

"Mai rubuta allon shago? Ga Derrick ɗan dattijon cocinmu, yana aikin banki, ya yi magana tun bara. Kai, ko shi ɗin ma ya jira. Na faɗa a gaban Allah, yarinyar nan ba za ta bar gidan nan ba sai na ga littafina da idona."

"Baba," in ji Scholastica, "idan idon ya riga littafin fa?"

Malam ya ɗauki tabarau ya mayar a idonsa. Ta san kuma ba taurin kai kaɗai ba ne, tsoro ne. In ta tafi, wa zai karanta masa?

Abin da take gudu shi ya faru. Tsofaffin ɗalibansa suka haɗu aka buga littafin bayan wata bakwai. Ranar da aka kawo, Malam ya shafa bangon, ya shinshina, ya fita tsakar gida inda rana ta fi haske, ya buɗe. Ya daɗe a tsaye.

"Ban ga komai ba," ya ce a hankali. "Fari ne kawai."

Scholastica ta shige ɗaki ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Wa za ta yi fushi da shi? Uban da ya makance, ko alkawarin da ya yi wa Allah? Fasto ya zo ya yi magana, gwaggonta ta zo daga Kafanchan ta yi tata, Malam ya ce bakinsa ɗaya ne. Derrick dai bai ɓata lokacinsa ba, motarsa ta koma tsayawa a wani layin.

Sai kuma Kelechi ya ɗauke ƙafa. Sati biyar ba ya zuwa. Ta tura masa: "In ka gaji ka faɗa mini. Ba zan ga laifinka ba, ni ma na gaji da kaina."

Ya amsa: "Nkem, hannuna da fenti. Ki ƙara haƙuri."

Haƙuri! Ta jefar da wayar a kan gado. Ta tabbata shi ma ya bi Derrick.

Ranar wata Asabar da hantsi a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Kelechi ya diro, ya rame, idonsa ja. Ya shiga sauke alluna, kowanne ya kai tsawon ƙofa, guda goma sha huɗu. Shafukan littafin ne ya zana da baƙi a kan ruwan ɗorawa, kowane harafi ya kai tafin hannu. Ya jingina su a jikin katanga yadda suka zo hannu, maƙwabta suka cika layin.

Ya durƙusa. "Baba, ga littafinka. Abin da na iya ke nan."

Scholastica ta kamo hannun mahaifinta. Ya tsaya gaban allon farko, ya matsa har goshinsa ya kusa taɓa katakon. Ya wuce na biyu, ya wuce na uku. A na huɗu ya tsaya, ya yi murmushi.

"Wannan akuyar ta yi kyau. Ga ta nan a ƙarƙashin keken."

Scholastica ta duba. Mai ƙosai ce a allon. Akuya ita ce darasi na huɗu a littafin, ƙirgawa kawai yake yi. Ta dubi Kelechi, shi ma ya gane, ya sunkuyar da kai. Malam ya matse hannunta sosai, matsewar da ta ce mata ta yi shiru.

"Na gani," ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Na ga littafina. Yaro, ka turo manyanka."

Aka ɗaura auren a watan Disamba, cocin ya cika da 'yan Kakuri da 'yan Television, Kelechi ya kama gida a bayan na Malam. Da za a shiga da amarya, mutane suka ga uba riƙe da hannun 'yarsa kamar yadda aka saba. Ita ce ke raɗa masa inda matakala take.

A gaban bagade ya lalubo kawunansu biyu ya dafa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku. Kelechi, ka dube ta da kyau kullum. Ka duba har da rabona."