Faifan Zarto da Kujerar Liyatu

A unguwar Dutsen Kura akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Babanta, Malam Sanda, kafinta ne. A shekarar 1986 ya sayi injin yankan katako mai kama da tebur. A tsakiyarsa ake ɗaura faifan zarto mai haƙora.

Yarinyar tana da ƙawa a maƙwabta, sunanta Liyatu. Shan-inna ya taɓa ƙafafun Liyatu tun tana ƙarama. Ba ta iya zama a kan bencin makaranta, domin ba shi da wurin jingina. Malam Sanda ya yi alkawarin yi mata kujera mai hannaye kafin a koma makaranta ranar Litinin.

Ranar Asabar da hantsi ya kira 'yarsa.

"Faifan yanka ya dakushe," in ji shi. "Je ki shagon Kudu mai sayar da kayan aiki ki karɓo sabo. Ki ce mai ƙananan haƙora, masu yawa. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

A hanya ta tarar da ƙawayenta suna 'yar gala-gala. Ta ce bari ta yi sau ɗaya. Sai da ta yi sau shida. Da ta isa shagon, saƙon ya rikice mata.

Kudu ya ɗauko faifai biyu. "Wanne Babanki ya ce? Na tsaga ko na yanka?"

Ta ji kunyar cewa ta manta. Ta dubi mai manyan haƙora. Yana ta ƙyalli, kuma da gani yana da ƙarfi.

"Wannan ne," in ji ta.

"Kin tabbata? Yanzu zan rufe. Zan je Wushishi biki, sai Litinin."

"Na tabbata."

Da Malam Sanda ya kwance takardar da aka naɗe faifan, sai ya dubi 'yarsa.

"Wannan na ce ki karɓo?"

Ta sunkuyar da kai. "Na manta ne, Baba. Na ga wannan ya fi ƙarfi."

Bai yi mata faɗa ba. Ya nuna mata bango. Ga irin faifan da ta kawo nan rataye a ƙusa. Ya sauko da shi, ya ɗaura a inji.

"Ja baya ki kalla."

Ya yanka guntun katako a gicciye. Injin ya yi ƙara, bakin katakon ya fito duk ya farfashe. Ya sa shi a ramin da ya fafe a ƙafar kujera. Sai lilo yake yi.

"Kin gani? Manyan haƙora na tsaga katako ne ta tsawonsa. Amma wurin haɗi yana son yanka mai santsi, ya shiga rami cif. In na haɗa kujera da wannan, wata rana za ta karye da Liyatu a kai."

Yarinyar ta ruga shagon Kudu. Ta tarar da kwaɗo a ƙofa.

"Yanzu yaya za a yi, Baba?" ta tambaya da ta dawo, idonta cike da hawaye.

"Sai Litinin. Amma ke za ki je ki gaya wa Liyatu."

Wannan ya fi komai yi mata wuya. Ta sami Liyatu a tsakar gida tana goge sabon allonta. Ta faɗa mata gaskiya, ba ta ɓoye komai ba.

Liyatu ta ajiye allon. "To a ina zan zauna?"

Ranar Litinin, yarinyar ta ɗauko tabarma daga gida. Ta shimfiɗa wa Liyatu a jikin bangon aji. 'Yan aji suka yi ta juyowa suna kallo. Yarinyar ta bar bencinta, ta sauka ta zauna kusa da ita har aka tashi.

Daga makaranta ta wuce shagon Kudu kai tsaye.

"Ka yi haƙuri, Baba Kudu. Ban faɗi gaskiya ba rannan. Mai ƙananan haƙora ake so."

Kudu ya yi murmushi, ya canza mata.

Da yamma Malam Sanda ya yi yankan. Kowane baki ya fito sumul. Ya shafa gam, ya buga a hankali, katako ya kama katako. Yarinyar ta goge hannayen kujerar da samfefa, takardar goge katako, har yatsunta suka yi zafi.

Washegari suka kai kujerar aji. Liyatu ta zauna, ta jingina, ta girgiza jiki don ta gwada. Kujerar ko motsi ba ta yi ba.

"Yanzu ina ganin allo sosai," in ji ta, tana dariya.

Tun daga ranar, yarinyar ta koyi darasi. Idan aka aike ka, ka riƙe saƙo da kyau. Idan kuma ka manta, ka faɗi gaskiya ka sake tambaya, domin kintace na iya cutar da wanda bai yi laifin komai ba.