Ruwan da Ba Shi da Wari

Magariba ta kawo jiki lokacin da Maman Auta ta gama wanke banɗaki, ta tuttular da sauran ruwan a rariya. Ko bismilla ba ta yi ba. To, a ganinta me za a yi wa bismilla? Ruwa ne da gishiri kawai, a 'yar butar nan da ake jona wa lantarki ya zama abin kashe ƙwayoyin cuta. Saboda Auta ta saye ta, don warin bilic ɗin da take wanke banɗaki da shi a da ne ke tayar wa yarinyar da asma.

Ba ta ajiye butar ba dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo. Ta leƙa waje, babu kowa.

Tun daga ranar Auta ta tare a ƙofar banɗaki. Ba ci, ba magana, sai rarrashin wani jariri da ba a gani take da wata murya ta manya. Uwar ko hawaye ba ta yi ba. Zuciyarta ta yi dum, tana dai shara, tana girki, tana kallo.

Da aka kira malam mai ruƙiyya, ya daɗe yana karatu kafin bakin Auta ya motsa.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Maƙwabciya. A rariyar nan muke."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Tambayi uwarta. Da, in ta ɗauko mai warin nan, tun daga ƙofa nake ji, in kwashe 'ya'yana. Wannan kuwa shiru ya zo, kamar ruwan sha. Ƙaramin ya sa baki. Ta koma wa mai warin, in sakar mata 'ya."

"Malam, mai warin kashe ta zai yi," in ji Maman Auta a hankali.

Malam ya ce, "Za ta riƙa bismilla da ƙarfi, ta ƙwanƙwasa bango, ta jira ku kauce. Kin yarda?"

Auta ta dafa ƙirjinta.

"Na yarda. Ba don kai ba. Na ji yadda ƙirjin nan yake daga ciki."

Maman Auta ta matso. "Yaron naki, ya samu sauƙi?"

"Jiya muka rufe shi."

Auta ta yi atishawa, ta sulale, ta ce, "Mama, ƙishirwa." Uwar ta ba ta ruwa, ta kwantar da ita. Sannan ta gyara mayafi, ta je ƙofar banɗaki ta durƙusa.

"Baiwar Allah," ta ce, "ya haƙuri?"