Ta Sauka Lafiya

"Matarsa ta sauka!"

Kaskon ruwan da ke hannun Auta ya suɓuce ya tarwatse a gindin bishiyar lemo. Tsuntsayen da ke jiran ta suka yi fir suka watse, suka bar ta tsaye da jiƙaƙƙen zane.

"Gwaggo... matar wa?"

"Matar wa kuwa? Ta Mai Tsanin naki mana! Kina nan kina ba tsuntsaye ruwa, shi yana can yana jego!"

"Ba shi da mata, Gwaggo."

"Haka ya ce miki. Namiji ai ba ɗan goyo ba ne, yarinya."

Gwaggo ƙanwar Baba ce, kuma idan ta ɗauko labari ba ta ajiye shi sai ya yi 'ya'ya. Ta ce Mai Kemis na bakin titi ne ya ji da kunnensa. Jiya Mai Tsani ya shiga shagonsa sayen magani, sai ga shi yana waya da yayarsa, baki har kunne: "Yaya, ta sauka! Wallahi ta sauka lafiya da safen nan, a gidana! Amma kada ki gaya wa Auta."

Kada ki gaya wa Auta...

Wannan ce ta soke ta. Ta lallaɓa ta zauna a kan kujerar Umma.

Mai Tsani ma'aikacin wutar lantarki ne. Ranar da suka fara haɗuwa, ya zo sare reshen lemon da ya kusa taɓa waya, ita kuwa ta fito a guje ta riƙe ƙafar tsaninsa, ta ce akwai sheƙar kanari a reshen, sai dai ya sare da ita. Ya dube ta, ya dubi sheƙar, ya sauko sumui-sumui. Bai dawo da zarto ba sai da 'ya'yan suka tashi. Tun daga ranar kuma wayar layinsu ba ta sake rabuwa da buƙatar dubawa ba.

Lambun na Umma ne. Da ta rasu, abin da ta bar wa Auta ke nan: a sa ruwa kaɗan a kasko, a jefa dutse a tsakiya don ƙananan su sami wurin tsayawa, a watsa tsaba nesa da duhuwar da kyanwa ke laɓewa, kada a share busasshiyar ciyawa duka. Kullum Umma takan ce, "Tsuntsu ba ya sauka inda babu aminci."

Ta ɗauki waya ta kira shi. Ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake. Shiru!

Sai abubuwa suka fara dawo mata. Kwanakin nan da safe ba ya ɗaukar waya. Idan ta tambaya, sai ya yi murmushi ya ce, "Wani ɗan aiki ne, Kanarina." Ta taɓa cewa za ta raka yayarsa ta ga gidan, ya hau kame-kame. Wayyo Allah, ashe ɗan aikin ke nan!

Baba ya fito daga ɗaki da tabarau a hannu. Dama tun farko ba ya son maganar aurenta da Mai Tsani. Ya ce mutumin da ke wuni a kan turken wuta, tsakaninsa da lahira taku ɗaya ne, shi bai shirya ganin 'yarsa cikin zawarci ba. Ga Mai Kemis, ɗan amininsa, yana zaune a inuwa ƙarƙashin fanka, ya daɗe yana bin ta. Da ƙyar da kuka Baba ya amince.

"Na ji komai," in ji shi. "Magana ta ƙare. Ba zan ba maƙaryaci 'yata ba."

"Baba, don Allah..."

"Kin san da matar?"

"Ban sani ba."

"To me ya rage?"

Ta share hawaye da bayan hannu. Tana son sa, so irin wanda ba ta iya ɓoyewa, amma ta fi tsoron ta rabu da shi a kan ji-ta-ji-ta.

"Baba, gani ya kori ji. A kai ni in gan ta da idona. Idan na gan ta, wallahi ba zan sake kiran sunansa ba."

Gwaggo ta riga kowa yafa mayafi. Irin wannan kallon ba ya wuce ta.

Rana ba ta yi zafi ba suka isa gidan Mai Tsani. Baba ya ɗaga hannu zai buga ƙofa, sai ga ta ta buɗe a hankali. Mai Tsani ya leƙo, babu ko takalmi a ƙafarsa. Da ya ga Baba ya durƙusa, amma gaisuwar da raɗa ya yi ta.

"Baba, sannunku da zuwa... don Allah a hankali, tana ciki."

Gwaggo ta tafa hannu.

"Kun ji ko! Da bakinsa!"

"Gwaggo, ki rufa mini asiri, kada ki tashe ta! Da ƙyar na samu ta zauna!"

Auta ta matso gabansa.

"Ashe gaskiya ne? Me na yi maka? Ka ce ni kaɗai ce... Ka ce ni ce sanyin idonka..."

"Ke ce mana! Wa ya gaya miki? Ni da na so ki gani da kanki bayan..."

"Bayan an ɗaura? Allah ya isa tsakanina da..."

"Matsa!" Baba ya daka masa tsawa, ya kutsa kai ciki.

Suka bi shi. Suka tsaya cak.

Tsakar gidan da yayarsa ta taɓa ce mata siminti ne fetal, ko kiyashi ba ya ratsawa, an fasa gefe guda an zuba ƙasa. Ga 'yan shuke-shuke a tsofaffin bokitan fenti. Ga ɗan dashen lemo da bai kai ƙugu ba, an tokare shi da sanda. Ga tulin busasshiyar ciyawa a lungu. A tsakiya kuwa kasko ne, ruwa kaɗan, da dutse a cikinsa.

A kan dutsen, wata kurciya tana shan ruwa hankalinta kwance.

Ta ɗago ta dube su da ido ɗaya, ta ci gaba da abinta.

"Ga ta nan," Mai Tsani ya raɗa, kamar mai nuna sarauniya. "Jiya ta sauka. Yau ma ta dawo."

"Ina... ina mai jegon?" in ji Gwaggo, tana leƙa ɗaki.

"Wace mai jego?"

"Matarka da ta sauka!"

Ya buɗe baki. Ya dubi Gwaggo, ya dubi kurciya, sannan ya dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi! Gwaggo, sauka fa na ce, sauka daga sama! Ni ina na ga mata? Ai a gaban Mai Kemis na ce kurciya ce, har ya tambaye ni ko soya ta zan yi!"

Baba ya cire tabarau a hankali.

"Ya ji ka ce kurciya?"

"Da kunnensa, Baba."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Amma Mai Kemis ɗin nan an yi munafuki. Ni dama tun da na ga idonsa..."



Auta dai kurciyar take kallo. Wani sanyi ya ratsa ta tun daga kai har tafin ƙafa, dariya da kuka suka zo mata tare. Alhamdulillahi! Wayyo, Alhamdulillahi! Ta durƙusa a gefen dashen lemon tana taɓa ganyensa.

"Me ya sa ba ka ɗaukar wayata?"

"Ƙararta na korar tsuntsayen. Kashe ta nake yi, in zauna kamar gunki." Ya tsuguna nesa kaɗan da ita. "Kin manta abin da kika ce mini? Kika ce gidan da tsuntsu ba ya sauka, ba ki san yadda za ki rayu a cikinsa ba."

"Wasa fa nake yi..."

"Ba wasa a idonki ranar, Kanarina. Tun lokacin nake fama. Na zuba tsaba, ɓeraye suka cinye. Na cika kasko fal, ko ɗaya bai kalle shi ba, sai da na tuna da dutsen Umma. Na rantse ba zan ɗauke ki daga lambunta in kawo ki kan siminti ba."

"Ka yafe mini, abin ƙaunata... saura kaɗan in yi maka Allah ya isa."

"Ai ba ki ƙarasa ba. Na ƙirga."

Ta yi dariya cikin hawaye, ta sunkuyar da kai don kunyar Baba.

Shi kuwa Baba bai ma ji su ba. Kaskon yake kallo. Mutumin da ya shekara da shekaru yana mitar kashin tsuntsu a kan motarsa, yau ga shi yana goge ido da hannun riga.

"Mahaifiyarki takan faɗi wata magana," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Tsuntsu ba ya sauka inda babu aminci," Auta ta ƙarasa masa.

Baba ya gyaɗa kai ya juyo ga Mai Tsani.

"Tashi, ɗana. Ka turo manyanka. Amma turken nan, ka riƙa ɗaura bel da kyau, ka ji ni?"

"Na ji, Baba! Allah ya ƙara girma!"

"Ayyiri..." Gwaggo ta buɗe maƙogwaro za ta rangaɗa guɗa.

"Shhh!" Su uku suka haɗa baki, har da Baba.

Gwaggo ta haɗiye guɗarta.

Kurciyar ta karkaɗe fiffike, ta tsinci ƙaran ciyawa ɗaya a baki, ta haye saman tagar ɗakin da Auta za ta zauna.