Taku Uku a Bayan Malam

Ƙofar jirgin ƙasan ta rufe kanta a tsakaninmu.

Ba wanda ya taɓa ta wallahi! Malam yana ciki, ni ina waje. Na ga yana dukan gilashi, bakinsa na motsi, sai ramin ya haɗiye jirgin da mijina gaba ɗaya.

"Innalillahi... Malam!"

Laifin taku uku ne. A al'adarmu ta Fulanin ƙasar Rogo mace ba ta jerawa da mijinta, baya take bi. Haka na biyo shi tun daga Tudun Kaya har Landan, inda gwamnati ta turo shi kwas ɗin malanta a 1974. Kwanana huɗu a garin, kalmomin Turancina ba su kai goma ba.

Ɗazu muna sauka matakala yake ta zuba mini labari.

"Hajjo, tashar nan ta haura shekara ɗari. Da can jirgin gawayi ke bi, dubi baƙin hayaƙinsa a rufi."

"Malam, mu da ranmu a ƙarƙashin ƙasa?"

"Ina tare da ke, sanyin idona."

To ga shi ba ya tare da ni.

Wata iska mai ɗumi ta huro daga ramin. Bangon duk farin tangaran ne da rubutun da ban iya karantawa. Turawa na wuce ni kamar turmi aka ajiye. Ko sunan unguwarmu ban riƙe ba.

Sai muryar Goggo, yayar babana, ta faɗo mini. Ita ta so in auri ɗanta Sulle.

"Ɗan boko ne! Zai kai ki inda ba ki da kowa ya yar da ke."

Na tsaya a inda ya bar ni. Jirgi uku suka zo suka wuce, ba shi. Na tsorata, tsoron da ban taɓa yi ba.

Can na hango hular zanna a dandamalin tsallake, layukan dogo a tsakaninmu. Shi ne! Ya dawo, yana gudu yana leƙa fuskokin mata. Bai gan ni ba, ginshiƙi ya tare ni. Ga rugugin wani jirgi, ya matsa baki zai hau ya nemo ni gaba.

"Malam..."

Ƙara ta cinye muryar.

Shekara biyu da aurenmu ban taɓa kama sunansa ba. Abin kunya ne a gidanmu, ko yaro mai sunansa sai in sakaya.

Fitilar jirgin ta ɓullo. Na runtse ido, na ware maƙogwaro.

"SUNUSI!"

Jirgin ya shiga tsakaninmu. Ya tsaya. Ya tashi.

Dandamalin wayam.

Na durƙushe ina kuka, sai na ji takun gudu a matakala. Ya faɗo gabana yana haki, hular ma ta faɗi, ya riƙe hannuwana biyu a gaban kowa.

"Na zaci na rasa ki, Hajjo. Me zan ce wa Baffanki? Me zan ce wa kaina?"

"Na zaci yar da ni ka yi..."

"Ni?" Hawaye ya zubo masa. Ya sassauta murya. "Shekara biyu ina jiran in ji sunana a bakinki. Sake faɗa."

Na ja mayafi na rufe fuska.

"Sai ka sake ɓata."