Tulun da Aka Ƙara wa Ruwa

A can wani zamani, a wani ƙauye na gindin dutse, an yi wata mata mai maganin gyambo. Takan jiƙa ɓawon maɗaci cikin barasa har kwana arba'in, ba don sha ba, sai don wanke ciwo. Duk gyambon da ta wanke sai ya bushe.

Wata damina gyambo ya yi yawa, tulun maganin ya kusa ƙarewa, sabon jiƙo kuwa bai tsimu ba. Matar ta ji kunyar a ce maganinta ya ƙare, sai ta ƙara ruwa. Duk wanda ya tambaya, sai ta ce, "Akwai." Kashegari ta sake ƙara ruwa, ta sake cewa, "Akwai."

Ran nan wani tsohon manomi ya zo, fartanya ta sare shi a ƙafa. Ya ce, "'Yar nan, in babu ki faɗa mini, in nema a gari na gaba."

Ta dubi tulun, ta ce, "Akwai, Baba."

Kwana bakwai tana wanke masa ciwon, ciwon yana ci gaba da ruɓewa, har aka yanke ƙafar.

Bayan kaka sai ga tsohon yana dogara sanda, da kaza a hannu. Ya ce, "Ga tukuici. Ba don maganinki ba, da tuni an binne ni."

Tsohon ya ajiye kazar, ya juya. Matar tana nan tsaye tana jin bugun sandarsa, har ya yi nisa.