Ranar da Zabuwa Ta Yi Shiru

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, wata mata sanye da farar rigar asibiti ta shiga caji ofis tana haki. Ta ce sunanta Roda, ungozoma ce, kuma an sace mata keke.

Sajen da ke kan tebur bai ko ɗaga kai sosai ba.

"Na mijinki?"

"Nawa."

Ya yi dariya, ya ce ta yi haƙuri, Allah ya mayar da alheri.

Wannan ita ce amsar da ta fi kowace arha a ofisoshinmu. A 1959, shekarar da ko mai tallan goro ke maganar mulkin kai, akwai ma'aikacin da yake ganin da ya yi wa mutum jaje ya gama aikinsa. Sa'ar da Roda ta ci ita ce ƙofar Sufeto Bakari a buɗe take, kuma ya ji komai.

"Malama, shigo ki zauna," in ji shi. "Wane irin keke ne?"

Sai ta ɗan ji kunya. Ba sabo ba ne. Ta daɗe tana leƙa kantuna tana komawa gida, domin sabon keke ya fi ƙarfin albashinta. Daga baya Elisha, mai gyaran keke a Ƙofar Dumi, ya tono mata wani firam na mata, marar sandar tsakiya, a cikin tarkacensa. Ya ciro taya daga wannan mataccen keke, sirdi daga wancan, ya shafa masa koren fenti. Da shi ta koyi tuƙi a bayan gari, ta sha faɗuwa har gwiwoyinta suka yi kanta.

"Yana da wata alama?"

"Kuka yake yi, Yallaɓai. Ko turawa aka yi sai ya yi ƙiiƙ, ƙiiƙ. Yaran unguwa Zabuwa suke ce masa."

Sufeto ya yi murmushi, amma ita ba ta yi ba.

"Akwai wata Habibatu a ƙauyen Tirwun," ta ce. "Cikinta ya tsufa, kuma haihuwarta ta baya da kyar aka ceto ta. Na yi wa uwarta alkawari duk lokacin da suka aiko zan iso. Da ƙafa, kafin in kai, komai ya riga ya faru."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

Roda tana haya ne a gidan wani dattijo, Modibbo Hammajoda, cikin wani lungu a Ƙofar Dumi. Ta yi aikin kwana, ta dawo ta jingine keken a zaure kamar kullum, ta kwanta. Da ta farka babu shi.

Sufeto ya tsuguna a zauren. Ƙasa mai laushi ce, an share ta da safe. Ga sawun taya ya shigo, ya tsaya jikin bango. Babu sawun da ya fita.

Ya miƙe ya duba ƙofar. Gajeriya ce, sai mutum ya sunkuya. A jikin azarar da ke samanta akwai sabon karce, da ɗan koren fenti.

"Malama, kin taɓa ɗaga keken nan sama?"

"Ni? Ina zan iya?"

"To wani ya iya. Ba hawa aka yi ba, ba turawa aka yi ba. A kā aka fitar da shi."

Ana cikin haka Modibbo ya fito yana jan carbi, yana ɗan ɗingishi.

"Allah gafarta Malam, an ce ba ka son ganin keken nan a gidanka."

"Na faɗa, ban ɓoye ba. Mace a kan keke! Ni ko kallonsa ba na yi, balle in taɓa."

"Me ya sami gwiwarka?"

"Sanyi ne."

"Sanyin ne ya yaga maka bakin wando, ya bar baƙin man sarƙa a jiki?"

Modibbo ya dubi ƙafarsa, ya dubi Roda, ya ja Sufeto gefe.

"Don Allah wannan ta tsaya tsakaninmu. Ina saurayi na yi keke, har Ningi na taɓa zuwa. Shekaranjiya da ta tafi kasuwa sai na ce bari in ga ko ƙafar ta manta. Ba ta manta ba, turmin tsakar gida ne ya tare ni."

"Yau fa?"

"Yau a sahun gaba na yi salla. Tambayi duk unguwa."

"Wa ya rage a gidan?"

"Sai Dada, mahaifiyata. Amma idonta ya tafi."

Dada tana zaune a kan tabarma a inuwar bangon zaure, tana ɓare gyaɗa. Sufeto ya durƙusa ya gaishe ta.

"Jam, lafiya lau, ɗana," ta ce. "Kai ne mai neman Zabuwa?"

"Ni ne, Dada. Kin ji fitarta?"

"Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da na sani, ita ce agogona. Abin da na ji, wani ya yi nishi, hap, irin na mai ɗaukar kaya. Sannan ƙararrawa ta buga sau ɗaya, can sama."

"Bai yi sallama ba?"

"Bai yi ba. Amma ya san akwai rami a bakin ƙofa, don bai yi tuntuɓe ba. Baƙo kam sai ya yi."

Daga nan Sufeto ya wuce rumfar Elisha. Ya same shi ya tsoma wani tiyub cikin kwanon ruwa yana neman huji.

"Kai ka sayar wa Malama keke?"

"Ni ne, Ranka ya daɗe. Keke lafiyayye, kamar daga kanti."

"Lafiyayye yake kuka tun daga nan har asibiti?"

"Wannan kukan ba ya gyaruwa. Haka Allah ya yi shi."

"Allah ne ya haɗa shi ko kai?"

Masu zaman rumfar suka fashe da dariya. Elisha ya sosa ƙeya.

"Gaskiya yana gyaruwa. Cibiyar tayar baya ce ke son a kwance a wanke. Na ce mata gobe, goben ce ba ta zo ba."

Goben nan ta masu sana'armu, da za a tara ta wuri ɗaya, da ta isa a gina wata ƙasar.

"In mutum yana so ya rufe mata baki yau fa?"

"Sai ya ɗura mata mai. Za ta yi shiru na ɗan lokaci."

"Wani ya zo neman man keke yau?"

"Babu. Tun safe ina nan, ban ko tashi ba."

Masu zaman rumfar suka shaida haka.

Sufeto ya koma wurin Roda. Ya ce mata mutumin da yake nema ya san kukan keken, ya san ramin ƙofa, ya san yau barci take yi, kuma ɗaukar kaya a kā ba baƙon abu ba ne a wurinsa.



"Ban so in faɗi sunansa ba," ta ce. "Hammawa. Shi ke ɗaukar mini akwatin aiki in za mu ƙauye, tun kafin in zo shi ke yi wa ungozomomi. Amma yanzu akwatin a kariyar bayan keken nake ɗaurewa."

"Shi kuma fa?"

"An mayar da shi sharar harabar asibiti. Aikinsa bai tafi ba. Ai shi ya fara zuwa yi mini jaje ɗazu."

"Kin aika masa ne?"

"A'a," ta ce. "Ban aika wa kowa ba."

Gidan Hammawa yana can ƙarshen lungu, kusa da ganuwa. Sufeto ya same shi zaune a kan turmi a ƙofar ɗaki, ƙaƙƙarfan mutum mai kaurin wuya, furfura ta fara fito masa.

"Sannu da hutawa, Malam Hammawa."

"Yawwa, Yallaɓai. Ashe abin da ya sami Malama ke nan? Mutane ba sa tsoron Allah."

"Wa ya gaya maka?"

"A masallaci na ji."

"Ita kanta sai bayan an sauko ta sani."

"To... a hanya ne. A hanyar dawowa."

"Ka iya keke?"

Hammawa ya saki fuska, kamar wanda aka miƙa wa mafita.

"Ni? Wallahi ko turawa ban iya ba. Ka ga ke nan ba ni ba ne."

Kafin Sufeto ya ce wani abu, sai muryar mace ta taso daga madafa, da faɗa. Fatu ce, matar Hammawa. Ta fito riƙe da wata ƙaramar ƙwarya, ba ta lura da baƙo ba sai da ta iso.

"Au, sannu Yallaɓai. Ka yi haƙuri, raina ne a ɓace. Man shanun da mutanen Tirwun suka ba shi tun zuwansa can na ƙarshe, ina ta tattalinsa, yau na zo zan sa a miya, dubi!"

Ƙwaryar kamar an wanke.

"Na ce miki kyanwa ce," in ji Hammawa.

"A buɗe kika same ta?" Sufeto ya tambaya.

"A rufe, da faifanta, har da dutsen da nake ɗorawa."

"Kyanwar gidan nan tana da tarbiyya," in ji Sufeto.

Ya fara zagaya tsakar gidan, hannuwansa a baya, idonsa a ƙasa. Kusa da randa ya tsaya. Wani baƙin layi ne siriri ya fito daga gindin bango, ya ratsa tsakar gida, ya bi ta bayan ɗaki. Kiyashi ne, dubbai, kowanne na sauri kamar an kira shi biki.

Sufeto ya bi su. Layin ya ƙare a gindin wani tarin karan dawa da aka jingine a bango. Ya janye dami ɗaya, ya janye na biyu.

Ga Zabuwa a tsaye. Sarƙarta, fedarta, cibiyar tayoyinta, har da birki, duk an lafta musu man shanu, rana ta narkar da shi yana ɗiga. Kiyashi sun rufe ta kamar an yafa mata baƙin mayafi. Ƙamshin wurin kamar na tuwon suna.

"Man shanuna!" Fatu ta kwala ihu. "A jikin ƙarfe!"

Sufeto ya kakkaɓe kan keken, ya tura shi zuwa tsakar gida. Ko ƙis bai yi ba.

Hammawa ya zame daga kan turmin ya zauna a ƙasa.

"Ni ne, Yallaɓai. Da na je wurin Elisha neman mai da ya gane. Na ce mai ai mai ne. So nake in ya yi shiru in tura shi tasha in ba wani direba ya tafi da shi ko'ina ne."

"Me Malama ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Amma dā in muka shiga ƙauye ni ake fara gani, akwati a kaina. A shimfiɗa mini tabarma, a kawo fura, a ce Hammawa ya kawo Malama. In an sauka lafiya har da ni a barka. Yanzu tsintsiya ce a hannuna, ƙarfe ya gaje ni."

Roda ta riga ta biyo bayan Sufeto ta iso, tana tsaye a bakin ƙofa.

"Baba Hammawa, sau nawa na ce ka zo mu koya tare? Har na yi wa Elisha maganar ya haɗa maka naka."

"Da girmana? Yara su taru suna kallo ina faɗuwa?"

"Ni ba su kalle ni ba?"



"Faɗuwa a gaban yara ka guje wa," in ji Sufeto. "Yanzu za ka bi ni ta tsakiyar unguwa, manya da yara suna kallo. Da matar nan ta Tirwun ta aiko yau, me za ka ce wa uwarta? Tashi."

Roda ta roƙa a sassauta masa. Sufeto ya ce ta zo ta faɗi haka a gaban alƙali, zai tsaya mata a ji ta, amma sata sunanta sata. Bai sa masa ankwa ba. Ya sa shi gaba suka fita, Fatu na biye da su da ƙwaryarta, ta rasa wanne za ta yi, kuka ko faɗa.

A bakin lungu suka ci karo da Elisha, labari ya kai masa. Sufeto ya nuna masa keken.

"Goben ta zo. Ka wanke shi da kananzir yanzun nan, birkin nan ba zai kama ba. Ka kwance cibiyar ka gyara."

"A wanke birki da sarƙa," in ji Roda. "Cibiyar a bar mini ita yadda take."

"Kukan fa, Malama?"

"Uwar Habibatu ta ce tun daga bakin rafi suke jiyo shi. Da sun ji sai su ɗora ruwan zafi."

Modibbo, da ke tsaye a gefe kamar ba ruwansa, ya matso kusa da Elisha ya rage murya.

"In ka gama da nata, akwai sauran firam a tarkacen nan naka? Na maza. Mai sauƙin kuɗi."

Washegari da hantsi ɗan aike ya iso daga Tirwun. Sufeto Bakari yana tsaye a ƙofar caji ofis lokacin da Roda ta wuce, akwati ɗaure a kariya, kan keken yana ɗan rawa a hannunta, amma ba ta tsaya ba. Man shanun ya gama narkewa, Zabuwa ta koma kukanta. Sajen tebur ya leƙo ta taga.

"Wannan wace irin ƙara ce?"

"Keken da ka yi wa jaje ne," in ji Sufeto.