Takalman Birkin Nahuel

Ranar Lahadi da la'asar aka kira Sufeto Bustos. Wata motar tsere ta zarce a kwanar gangaren dutsen Córdoba, direbanta Nahuel ya rasu nan take. Daga filin tsere yake dawowa.

Bustos ta sa aka cire tayar gaba. Takalman birkin sun cinye, ƙarfe na gugar ƙarfe. Ɗan ƙarfen da ke ƙara idan takalmi ya kusa ƙarewa kuwa, an datse shi da filaya.

Ta bi abokan tserensa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ɗaga kafaɗa.

"Ranki ya daɗe, ƙaddara ce."

"Ƙaddarar da ke yawo da filaya?" Ta yi tsaki. "Wa ke gyara masa mota?"

Da ƙyar wani ya ce, "Rolo, yayan matarsa."

Ta sami Rolo a garejinsa yana shan shayin mate, kusa da tasa motar tseren.

"Sababbi na sa masa ranar Juma'a," in ji shi. "Kin san takalmin tsere ba na tasi ba ne. Fita fili biyu ko uku, ya ƙare. Shi kuma Nahuel ƙafarsa kamar guduma."

"A wuni ɗaya ya cinye sababbi?"

"Ke dai ba ki san tuƙinsa ba."

Ranta a ɓace ta wuce gidan makoki. Marisel, matar mamacin, tana zaune riƙe da hular kwanonsa.

"Duk sanda aka sa masa sababbi, ranar Asabar da safe sai mu fita," ta ce. "Ya yi gudu ya taka birki, ya yi gudu ya taka, har su yi zafi su zauna. Ina mitar ƙaurin, yana dariya. A hanyar dawowa ya saya min burodi."

"Wannan Asabar ɗin fa?"

"Ba mu je ba. Yaya Rolo ya ce ya riga ya zaunar masa da su." Ta share hawaye. "Na ma hango Yayan yana yi a titinmu."

"A motar mijinki?"

Marisel ta ce, "A tasa."

Tare da Marisel suka koma garejin. Bustos ta sa wani kofur ya kwance tayar motar Rolo. Ga takalma masu kauri, ko rabi ba su ci ba.

"Wa ke zaunar da tsofaffin takalma, Rolo?"

Ya ajiye ƙoƙon mate.

"Saiti ɗaya aka kawo, kuma ni ma ina tseren, sai na sa wa tawa. Na duba nasa, na ce za su kai wuni ɗaya. Ƙarfen na datse don kada ya ji ƙara ya dame ni. Wallahi ranar Litinin na yi niyyar canza masa."

"Sun kai wunin," in ji Bustos. "Gida ne ba su kai shi ba."

Kofur ya sa masa ankwa. Rolo ya waiga.

"Marisel, ƙanwata..."

Ba ta dube shi ba. Ta tsuguna ta shafa sabon takalmin da yatsa.

"Na nawa ka zo a tseren, Yaya?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na shida."

Bustos ta buɗe masa ƙofar motar 'yan sanda.